Ƙawanyar ruwa: rage ƙarfin igiya take yi ko ƙara shi?

Baffa Mai Wurno: Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan Isha'i a nan Jidda, ɗanmu mai karatun ilimin teku ya ce wai ƙawanyar ruwa, wato ruwan da ke ɓallewa daga igiya yana juyawa, tana ƙara wa Gulf Stream, babbar igiyar ruwan ɗumi da ke gudana a teku ta gabashin Amurka, ƙarfi. Ban yarda ba. A bakin Shuɗin Nilu na girma. A lungun gaɓa inda ruwa ke juyi, kara da ganye sai su yini suna zagaye wuri guda. Abin da ya ɓalle daga kogi ai ragi ne.

Ɗan Yanbu: Ina bayan Baffa. Iska ce da juyawar duniya ke matse ruwa a yammacin teku, shi ke ba igiyar ƙarfi, masanin teku Henry Stommel ya bayyana haka tun 1948. Ƙawanya 'ya ce, ba uwa ba.

Ɗalibi: Allah ya ƙara girma Baffa, ban musa ragin ba. Igiyar na barin gaɓar Amurka a tsinin Hatteras sai ta riƙa lanƙwasa kamar maciji har lanƙwasar ta tsinke. Wadda ta tsinke ta arewa ruwan ɗumi ne a cikinta, juyinta irin na hannun agogo. Ta kudu ruwan sanyi ta ƙunsa, juyinta akasin haka. Faɗin guda kan haura kilomita 100, ta yi watanni tana gangarawa yamma, sau da yawa ta koma jikin uwar. Amma ku dubi lissafin nan da ya hana ni barci: a mashigin Filorida kimanin mita kubik miliyan 30 ke wucewa a daƙiƙa guda, can gaba kuwa ya kai wajen miliyan 150. Babban kaso na ƙarin, ruwan gefe biyu ne da ƙawanyoyin ke tunkuɗawa ya zagayo ya sake shiga.

Hajiya Babba: Kun tafi Amurka, alhali ga wata ƙatuwa kusa da mu, a gaɓar Somaliya. Duk shekara take tashi idan iskar kudu maso yamma ta kama, ta taso da ruwan sanyi daga ƙasa, kifi ya samu abinci.

Ɗan Yanbu: Yauwa Hajiya! Ita igiyar Somaliya har juya akala take yi idan iska ta sauya. To wa ke iko?

Ɗalibi: Iska ke tayar da ita, Yaya, amma iskar na kwantawa ƙawanyar ta ci gaba da juyi.

Baffa Mai Wurno: Lissafin ya shige ni, sai dai da saura. Ranar Juma'a ka zo gida da hoton tauraron ɗan'adam, ka nuna mini da yatsa inda ruwan ke komawa.