A taimaka: me za mu kira "market town" da Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Malamai, gobe da safe zan naɗi shirin rediyo kan tarihin Bury St Edmunds, wani gari a yankin Suffolk da ke gabashin Ingila. Rubutun Turancin ko'ina "market town" yake ce masa. Na sa "garin kasuwa" amma bai kwanta min ba. Ga kuma "abbey", wanda tarihin garin kusan duk a kansa ya rataya: mayaƙan Denmak sun kashe Sarki Edmund a 869, daga baya aka kawo gawarsa nan, masu ziyara suka yi ta tururuwa, a 1020 aka kafa gidan masu ibada a wurin kabarin. Kasuwa ta biyo masu ziyara.

Bakatsiniya: Wa alaikumus salam. Alƙarya. Ta wuce ƙauye, ba ta kai birni ba.

Na Kurmi: Hajiya, alƙarya girman wuri kawai ta faɗa, ina kasuwar? Garin kasuwa ya yi. Wudil na ci Juma'a, Maigatari Alhamis, wannan kuma Laraba da Asabar har yau. Mutanen karkara su kawo amfanin gona, su sayi abin da za su saya, su koma. Kowane Bahaushe ya san irin wannan gari.

Tsohon Malami: Na Kurmi ya kusa, amma na gane abin da ke damun mai tambaya. A Ingila ta wancan zamani kasuwa ba ta ci sai da izinin sarki, kuma wanda ke riƙe da izinin shi ke karɓar kuɗin rumfa da na shigo da kaya. A Bury wannan iko a hannun shugaban gidan ibadar yake. Shi ke naɗa masu kula da gari, kotu ma tasa ce. Wani shugabansu, Baldwin, shi ya shata titunan garin a jere, har ƙidayar filaye da dukiya da sarkin Ingila ya sa aka yi a 1086 ta rubuta sababbin gidaje 342 a filin da a da ake nomawa. Da masu saƙa da fataken ulu suka yi arziki sai suka gaji da biya ba su da ta cewa. A 1327 suka fasa ƙofar gidan, suka washe shi, suka tilasta wa shugaban sa hannu a takardar 'yanci, wadda daga baya aka soke. Sarki Henry na 8 ya rufe gidan a 1539, amma sai 1606 Sarki James na 1 ya ba garin takardar gudanar da kansa. Rikicin ɗaruruwan shekaru ke nan a kan wa ke da kasuwa. In kalmarki ba ta nuna akwai izini ba, mai sauraro ba zai gane dalilin faɗan ba.

Ɗan Damagaram: Duk wannan jan magana ne. Hausa tana da hanyar gina sunan wuri: marina, majema, maƙera, mahauta. Kasuwa ci take yi, saboda haka garin da take ci sunansa MACIYA. Kalma ɗaya, tamu tsantsa, ba aro.

Bakatsiniya: Malam, duk wanda ya ga "maciya" a rubuce, maciya amana zai tuna.

Ɗan Damagaram: Karin sautin ba ɗaya ba ne, kuma a rediyo za a faɗe ta. Matsalarku a Najeriya ke nan, in aka ƙirƙiro kalma sai ku yi mata dariya, amma kun cika bakinku da ofis da kwamiti da sakatare. Alƙaryar da kika kawo ma Larabci ce.

Na Kurmi: Ranka ya daɗe, ku da kuke ce wa makaranta lakwal, malami mushe, duk daga Faransanci? Kasuwar ma da kake ginin kalma a kanta, masana da yawa sun ce ta hannun Barebari ta shigo mana. Kalmar da ta shekara ɗaruruwa a bakin iyayenmu ta zama tamu.

Ɗan Damagaram: Hausar Kano ba ita kaɗai ce Hausa ba. Don gidajen rediyo sun ɗauke ta ba shi ne ya sa ta fi ba.

Mai Fassara: Don Allah malamai, dare na yi. Ba wanda ya taɓa min "abbey".

Na Kurmi: Zawiya.

'Yar Wusasa: A'a Yaya, zawiya ta 'yan ɗariƙa ce, za ta rikita Musulmi da Kirista duka. Waɗannan maza ne da suka yi alkawarin ba aure, ba dukiyar kai, suna zaune ƙarƙashin shugaba ɗaya. A labarai "masu zaman zuhudu" ake cewa. Ki ce gidan masu zaman zuhudu.

Tsohon Malami: 'Yata, kalmar ta dace da mutanen, gidan ne ba ta ɗauka ba. Zuhudu gudun duniya ne, wannan kuwa a zamaninsa yana cikin gidajen ibada mafi dukiya a Ingila, da gonaki da iko a kan yammacin Suffolk. Ni da "masarautar masu zuhudu" zan ce.

'Yar Wusasa: Baba, masarauta ta yi yawa, ai akwai sarki a samansu.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai. Ga abin da zan yi: a farkon shiri zan ce "garin kasuwa, wato garin da sarki ya ba izinin cin kasuwa", daga nan in ci gaba da garin kasuwa kawai. Ɗayan kuma "babban gidan masu zaman zuhudu", tare da bayanin dukiyarsa, duk da dai ya yi min tsawo a baki.

Tsohon Malami: Na farkon ya yi. Na biyun a yi maneji da shi zuwa gobe, amma ba a gama ba.

Ɗan Damagaram: Jimla guda kika sa a inda kalma ɗaya ta isa. Ki yi yadda kika ga dama, Malama, ni dai a ajina maciya zan koyar.