Koyar da tuƙi zai iya ƙona min kuloci?

Ɗan Ringim:
Salamu alaikum. Ƙanena ya matsa sai na koya masa tuƙi da Golf ɗina, wadda nake lodin Maigatari da ita ran Alhamis. Jiya a filin Idi motar sai mutuwa take a hannunsa, har na fara jin ƙauri. Ita ce abincina fa. In ci gaba ko in haƙura?

Bakaniken Gumel:
Wa alaikumus salam. Mutuwar mota ba ta cika cin kuloci ba, sai dai yawan tayarwa ya gajiyar da batir. Abin da ke cinye farantin kuloci shi ne riƙe rabin kuloci ana zuba totur. Ƙaurin nan daga nan yake. Ka sa shi ya riƙa tashi a lamba ɗaya ba totur, yana ɗaga ƙafa a hankali har ya gane inda take kamawa. Da ta tafi ya ɗauke ƙafar daga kan kuloci gaba ɗaya, kada ya jingina ta a kai. Kuma ku guji rairayi, Malam, nan ne ake ƙona shi.

Tsohon Direba:
Gwada ta a kan kwalta: lamba huɗu, ka taka totur sosai. In inji ya yi kuka gudu bai ƙaru ba, kuloci ya fara zamewa. In ta ja, ƙalau take.

Ɗan Ringim:
Na gode, Baba. Filin namu kam duk yashi ne, gobe za mu koma bayan firamare.