Matatar mai ce ta tsare Nijar, ko fetur ɗinmu ne?

Ɗan Adaidaita: Jama'a ina nan a kan bakana. Ƙasar da ke tace man fetur ɗinta da kanta, takunkumi ba ya durƙusar da ita. Ku dubi Nijar. Sojoji sun karɓi mulki ranar 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta rufe iyaka, mu Najeriya muka yanke musu wuta, amma motocinsu ba su tsaya ba saboda matatar SORAZ da ke Damagaram. Mu kuwa ga ɗanyen mai kwance, shekara da shekaru sai jirgi ya kawo mana tatacce daga Turai.

Alhaji Mai Tanka: Yaro, SORAZ ganga 20,000 take tacewa a rana, tun 2011 da 'yan China suka gina ta. Da yawa daga motocin Maraɗi da Damagaram namu suke sha. Na sha kwana a Maigatari, da asuba sai ka ga babura a jere, kowanne da jarkoki an ɗaure da robar taya, an bi ta daji. Lokacin lita ba ta kai naira 200 ba a nan. Da aka cire tallafi ribar ta mutu, kowa a can ya koma gidan mai, matatar ta kasa ɗauka. Ko ba ka ga layukan Yamai ba a watan Maris 2025?

Ɗan Adaidaita: Allah ya ja da ran Alhaji, lissafin bai fita ba. Tinubu ya cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, wata biyu kafin juyin mulkin. An ɗage takunkumi a Fabrairu 2024. Kenan duk tsawon matsin ba su da arhar manmu, kuma ba su durƙusa ba.

Alhaji Mai Tanka: Ai ba rana ɗaya kuɗin ya hau ba. Ya fara da ɗari biyar da wani abu, sai ƙarshen 2024 ya haye dubu. A nan 'yan bumburutun iyaka suka ajiye jarka gaba ɗaya. Ga naira ta faɗi a tsakanin, mai sefa a hannu namu bai daina yi masa arha da wuri ba.

Malam: Ku biyun kowa ya riƙe ƙafa ɗaya. Kyuba na da matatu, amma ɗanyen da take haƙowa bai ishe ta ba, ta jingina da Benezuwela. Amurka ta sa wa Kyuba takunkumi tun 1962, da aka matsa wa Benezuwela ita ma sai wuta ta riƙa ɗaukewa a Habana. Nijar dai rijiyoyin man Agadem nata ne, wannan Ɗan Adaidaita ya yi gaskiya.

Hajiya: Malam ku dawo gida mana. Matatar Dangote ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur a Satumba 2024, amma har daga Amurka take sayen ɗanye, da dala. To wane 'yanci ne wannan? Ni mai ƙanƙara ce, galan ɗin janareta na sani.

Alhaji Mai Tanka: Hajiya ki ƙara da hanya. Da a daffon Hotoro na Kano muke lodi, bututu ya kawo daga Kaduna. Yanzu sai na yi kwanaki zuwa Legas da dawowa, gas ɗin da tanka ta sha kuma a kan litarki ake ɗora shi.

Ɗan Adaidaita: To ai maganata ce Alhaji. Da matatar Kaduna na aiki da ba ka je Legas ba.

Alhaji Mai Tanka: Ta Kaduna ma ta bututu ɗanyenta yake zuwa daga Warri. A fasa shi a hanya, me za ta tace, ruwan kogin Kaduna?