Zan iya hawa balan-balan da Baba a Masai Mara? Yana fama da gwiwa

Ɗan Kawo:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma na fi son ta wanda ya taɓa hawa da kansa.

Wurin aikinmu za su tura ni taro Nairobi a watan Agusta, kwana huɗu. Na yi niyyar ƙara kwana uku daga aljihuna in tafi da mahaifina. Baba shekararsa 72. Aikin gandun daji ya yi kusan shekara talatin, yawanci a yankin Birnin Gwari, tun lokacin da ake kwana a dajin Kamuku ba fargabar komai sai ta namun daji. Mutum ne da in ya ga sawu a ƙasa zai gaya maka na gwanki ne ko na ɓauna, ya kuma gaya maka jiya aka taka ko yau da sassafe. Tun da ya yi ritaya, ga kuma yadda hanyar ta koma, bai ƙara shiga daji ba. Daga ɗaki sai masallaci, sai benci a ƙofar gida.

Makon jiya autarmu ta nuna masa bidiyon ƙaton balan-balan ɗin nan mai kwando da ake hawa a dajin Masai Mara na Kenya, yana shawagi a kan garken giwaye. Sau uku ya sa aka maimaita masa. Da ya miƙa mata wayar sai ya ce, "Duk rayuwata ta ƙasa na bi su, ashe haka bayansu yake." Bai ce a kai shi ba, ba halinsa ba ne. Amma ni na san abin da na gani a fuskarsa.

Damuwata ita ce gwiwarsa ta dama. Tun bara a kujera yake sallah. Yana tafiya da sanda, yana hawa matakala a hankali, amma durƙuso ya gagara. Shin mai irin wannan lalura zai iya? Sannan kuɗin da aka faɗa mini ya kusa dala 500 kowane mutum, na tafiyar awa ɗaya. Ya cancanta? Ina kuma son sanin yadda ake yi da sallar Asuba, don na ji tun cikin dare ake ɗaukar mutane, da kuma maganar abincin da ake ci bayan an sauka, wanda aka ce har da giya.

Maman Khalil:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya yi maka albarka da wannan niyya, ya ƙara wa Baba lafiya. Ni da maigidana mun hau a watan Satumba na 2024, bari in ba ka yadda abin ya kasance.

Ƙarfe huɗu da rabi na dare mota ta zo masaukinmu. Ka tuna agogonsu ya riga namu da awa biyu, ke nan a jikinka biyu da rabi ne na Kaduna, don haka ku kwanta da wuri. Mun yi alwala tun a ɗaki. Kusan minti arba'in muka yi a hanya cikin duhu, fitilar mota tana haska idanun kuraye a gefen hanya. Da muka isa filin tashi alfijir ya keto, muka shimfiɗa darduma a bayan motar muka yi sallah, direban ya tsaya kusa da mu da tocila har muka sallame. Ba wanda ya yi mana wani kallo, akwai Musulmi da yawa a Kenya, sun saba. Abu ɗaya da zai ba Baba mamaki: alƙibla a can kusan arewa take, da ɗan karkata gabas kaɗan, ba kamar nan ba. Ka duba a waya tun da dare.

Sanyi kuwa, kar ka ji an ce Kenya tana kan tsakiyar duniya ka ɗauka zafi ne. Dajin ya fi Jos tudu, sanyin asubarsa kamar na Jos a tsakiyar hunturu. Amma da an kunna wutar nan a saman kanka sai ka ji ɗumi har tsakiyar kai, shi ya sa hula take da amfani biyu.

Yanzu maganar gwiwa, wadda ita ce babba. Kwandon namu na mutum 16 ne, an raba shi gida-gida, mutum huɗu a kowane gida, matuƙi a tsakiya da tukwanen gas. Bangon kwandon ya kai mini ƙirji, kuma ba ƙofa. Akwai ramuka a jikinsa da ake sa ƙafa a haura, kamar hawa katanga. Akwai wata dattijuwa Baturiya a cikinmu, ma'aikata biyu ne suka ɗaga ta suka shigar da ita, ba a ɗauki minti ɗaya ba. Wasu kamfanonin kuma kwantar da kwandon suke yi a gefensa, ka shiga ka kwanta rigingine, in balan-balan ya cika sai ya miƙar da ku tsaye. Ka tambayi wanne suke yi kafin ka biya. A sama tsayuwa ce ta awa guda, amma kana jingine da bango, kuma ba girgiza ko kaɗan. Wallahi ban san mun bar ƙasa ba sai da na ga motoci suna ƙanƙancewa.

Sauka ita ce abin dubawa. Ana gab da taɓa ƙasa matuƙi zai ce kowa ya zauna a ɗan bencin da ke cikin kwandon, ya manna bayansa, ya riƙe igiya da hannu biyu, gwiwa a lanƙwashe. Mu kwandonmu ya bugi ƙasa sau biyu, ya ja kaɗan cikin ciyawa, sannan ya kwanta a hankali, muka tsinci kanmu rigingine muna kallon sama. Ba wanda ya ji ciwo. Amma bugun farkon nan na ji shi a ƙuguna. In Baba yana iya zama a ƙaramar kujera ya tashi da taimako, ina ganin zai iya. Duk da haka ku je wurin likitansa ku kwatanta masa wannan zaman da wannan bugun, shi ya yanke.

Abin da muka gani ba zan iya ba ka shi duka ba. Rana tana fitowa, inuwar raƙuman dawa ta miƙe a kan ciyawa ta ninka tsawonsu. Mun bi ta kan kogin Mara ƙasa-ƙasa, har muna jin gurnanin dorina, ga kadoji kwance a bakin gaɓa. Sai dabbar nan da suke kira nyumbu, mai kan sa da gemun akuya da jelar doki, waɗanda suke ƙaura daga Serengeti ta Tanzaniya su shigo Kenya daga wajen Yuli zuwa Oktoba, sama da miliyan ɗaya, tare da jakunan dawa. Daga mota garke kake gani. Daga sama kuwa layi ne baƙi kamar na tururuwa, ba ka ganin farkonsa ba ka ganin ƙarshensa. Abin da na tabbata zai taɓa zuciyar Baba shi ne hanyoyin dabbobin: ta sama ana ganin duk turbobin da suka taka cikin ciyawa, inda suka haɗu, inda suka rabu, inda suka gangara ruwa. Mai karanta sawu kamarsa, an buɗe masa littafin gaba ɗaya ke nan.

Abinci: a tsakiyar daji suke jera tebura a ƙarƙashin bishiya. Gaskiya ne suna zagayawa da giya, al'adar masu hawa balan-balan ce. Mun faɗa musu tun wajen biyan kuɗi cewa mu Musulmi ne, suka kawo mana ruwan 'ya'yan itace da shayi. Akwai naman alade a cikin abin da ake soyawa, don haka muka ce a soya mana ƙwai a kasko daban, muka haɗa da burodi da 'ya'yan itace. Ka faɗa da bakinka, kar ka ji nauyi.

Kuɗin da aka faɗa maka daidai yake da abin da muka biya. Sai dai ka sani kuɗin shiga dajin daban ne, lokacin da muka je dala 200 ne kowane baƙo a rana, saboda lokacin cunkoso ne.

Malam Na Tudun Wada:

Ɗan'uwa, ni ban hau ba, kuma ba zan ɓoye maka ba, hankalina bai kwanta ba. Dala dubu ku biyu, ka lissafa da canjin yau, a kan awa ɗaya. Da wannan kuɗin za ka kai Baba Yankari da duk jikokinsa, ku yi mako, ya ga giwaye da gwaggon biri, ya jiƙa gwiwar nan a ruwan ɗumin Wikki, wanda ma zai fi yi mata amfani. Dajinmu ne, itatuwan da ya sani ne, ga ma'aikatan da za su zauna su yi hira da shi da Hausa a kan aikin da ya ba rayuwarsa.

Sannan ban manta da abin da ya faru a Luxor ta Masar a 2013 ba, balan-balan ya kama da wuta, mutum 19 suka rasu. Tsoho amana ne a hannunka. Ka yi istihara.

Injiniya Barnawa:

Malam ya yi gaskiya a kan istihara, kuma hatsarin Luxor ya faru, gas ne ya tsiyaya ana shirin sauka. Amma bari in ɗan yi bayanin yadda abin yake aiki, don aikina gyaran jiragen sama ne, a Zariya na koya, kuma na hau sau ɗaya a Serengeti.

Ba inji a jikinsa. Da farko fanka ce take hura iska cikin ƙyallen yana shimfiɗe a ƙasa, sannan a kunna wutar gas a zafafa iskar da ke ciki har wajen digiri 100. Iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi, sai ta ɗaga komai. In matuƙi yana son hawa ya ƙara wuta, in yana son sauka ya bar iskar ta huce, ko ya ja igiya ya buɗe wata kafa a can ƙololuwa. Dabarar tsohuwa ce, tun 1783 aka fara ɗaukar mutane da ita a Faransa.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne ba sitiyari. Inda iska ta nufa nan za ku. Gwanintar matuƙi ita ce sanin cewa iskar da ke dab da kan bishiyoyi da wadda ke sama da ita sukan bi fuska daban, sai ya hau ko ya sauko ya kama wadda yake so. Motoci suna bin ku ta ƙasa, suna magana da shi ta rediyo, don ba wanda ya san takamaiman wurin sauka sai an kusa. Dalilin tashin asuba kuma shi ne lokacin iska take kwance. Da rana ta gasa ƙasa, iska ta fara tashi tana juyawa, tafiyar ta zama haɗari.

Ke nan ƙarfin bugun da Hajiya Maman Khalil ta faɗa ya danganta da iskar ranar. Ran da take kwance, kwandon zai zauna a tsaye kamar an ajiye tulu. Ran da take da ɗan ƙarfi sai ya ja. In ta yi yawa matuƙin kirki ba ya tashi sam, kuma kar ka ji haushi in an soke, alamar kana hannu nagari ce. Saboda haka ka sa hawan a safiyarku ta farko a dajin, don in an ɗaga kuna da washegari, ka kuma tambayi ƙa'idar mayar da kuɗi a rubuce.

Ka rubuta musu shekarun Baba da nauyinsa da maganar gwiwar filla-filla. Ba sa ɗaukar masu juna biyu da ƙananan yara, kuma sukan ƙi mai ciwon baya ko wanda aka yi wa tiyata kwanan nan. Gara su ce a'a kana Kaduna da su ce a'a kuna tsaye a gaban kwando. Ni abin da ya fi damuna ma ba balan-balan ba ne, hanya ce. Daga Nairobi ta Narok awa biyar zuwa shida ne a mota, kuma cikin dajin gargada ce. In aljihu zai ɗauka, ku hau ƙaramin jirgi daga filin Wilson, bai kai awa ɗaya ba in ba a tsaya a hanya ba.

Maman Khalil:

Na manta: katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawan nan, ku tabbatar kowa yana da nasa. Rigar sanyi kuma ka leƙa Kasuwar Barci, za ka samu mai kauri da araha. Ka nema wa Baba takalmi sau-ciki, raɓa tana jiƙa ciyawar sosai.

Ɗan Kawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya bayan Isha'i na karanta wa Baba duk abin da kuka rubuta, har da na Malam, ban tsallake maganar Luxor ba. Ya yi shiru, sannan ya ce Malam ya yi gaskiya, Yankari za mu je da yara in an yi hutun ƙarshen shekara. Na ɗauka maganar ta ƙare ke nan. Can sai ya ce in sake karanta masa wurin da Hajiya ta yi maganar turbobin dabbobi.

Yau da safe na same shi a tsakar gida ya sa an kawo masa kujerar tsakar gida ta Mama, yana gwada zama a kai, bayansa manne da bango, yana riƙe da sandarsa da hannu biyu. Ya zauna ya tashi sau huɗu, na biyun ƙarshe ba tare da na kama shi ba. Ranar Laraba muna da layin ganin likitan ƙashi, zan tafi da bayanin Hajiya da na Injiniya a waya. Na kuma aika wa kamfanoni biyu saƙo ina tambayar ko a tsaye ake shiga kwandonsu ko a kwance.

Injiniya, tambaya ɗaya ta rage. Baba ya ce a tambaye ka ko ana barin mutum ya hau da tabaron hangen nesa, don nasa na aiki yana nan cikin akwati tun ranar da ya ajiye aiki.