Kama ɗakin otal a Abuja: me ke lalacewa, kuma me ya sa masu kwana a Maitama ke cewa rufin asiri ne kawai?

Ƴar Kubwa:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Za a ɗaura aure a Abuja ƙarshen wata, baƙi za su zo daga Kano da Jos, kuma ni aka ɗora wa kama ɗakuna shida na kwana biyu. Waɗanda suka san harkar otal su taimaka: me ya fi yawan lalacewa, me ake yi tun kafin ya lalace? Tambaya ta biyu kuma son sani ne. Manyan baƙin sun ce lallai Maitama ko Asokoro, amma da an zo lissafi sai ka ji "mu ai ba masu kuɗi ba ne, rufin asiri ne kawai." Da gaske haka suke ganin kansu, ko faɗa ce ta baki?

Baban Kanta:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kiran waya ba kama ɗaki ba ne. Otal yakan karɓi alkawari fiye da ɗakunan da yake da su, saboda kullum akwai wanda zai ce yana tafe kuma bai zo ba. Ranar da kowa ya cika alkawari, wanda bai ba da kafin alƙalami ba shi ake ba haƙuri. A Abuja ranakun cikowa sanannu ne: taron jam'iyya, rantsar da gwamnati, manyan tarukan ma'aikatu, sai Juma'a da Asabar na biki. Ki biya kuɗin daren farko na kowane ɗaki, a turo miki saƙo a rubuce mai ɗauke da lambar kamu, ranar shiga da ta fita, irin ɗakin, farashi, da ko karin kumallon na mutum ɗaya ne ko biyu. Wannan na ƙarshen shi ke haddasa rigimar safiya.

Shiga yawanci ƙarfe 2 na rana ne, fita 12. Alhajin da ya biyo jirgin safe ya iso ƙarfe 9 zai zauna a falo, kuma ba wulaƙanci ba ne: na jiya bai fita ba, gyaran ɗaki ɗaya kuma yana cin kusan rabin awa ko fiye. In akwai tsofaffi, ki nemi shigar wuri tun yau, ba a bakin kantar karɓar baƙi ba.

Sai farashi. Tambayi kalma ɗaya: da haraji ko babu? Harajin VAT kashi 7.5 ne tun Fabrairun 2020, kuma manyan otal sukan ɗora kuɗin hidima, galibi kashi 10. Ɗakin Naira 100,000 zai koma 117,500 in an lissafa kowanne a kan asalin kuɗin, ko 118,250 in an ɗora harajin bayan kuɗin hidima. Ɗaki shida kwana biyu dare 12 ke nan, bambancin da farashin da aka faɗa miki ya haura Naira 200,000. Akwai kuma kuɗin jingina na abin da baƙo zai ci ko ya ɓata. In da kati aka riƙe shi, bankinki ne ke sakinsa, ba yarinyar kanta ba, don haka yi mata tsawa ba ya dawo da ko kwabo.

Taransifa da dare tana jawo tsaiko, domin alat na bogi ya yi yawa, kuma ma'aikacin dare sau da yawa ba ya ganin asusun otal, sai akawu ya tabbatar. In POS ta ce an ƙi amma banki ya cire, kada a sake zura katin sau biyu sau uku. A karɓi takardar da ta fito, a ɗauki hotonta don rubutun yana gogewa. Ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2020 ta ce a warware irin wannan cikin awa 72.

Katin ƙofa kuma abu uku ke kashe shi: maganaɗisun waya ko na jaka ya goge mai baƙin layi a baya, ko an ƙara kwana ba a sabunta katin ba ya mutu ƙarfe 12, ko batirin makullin ya yi sanyi. Biyun farko minti ɗaya ne a kanta.

Injiniyan Utako:
Baba ya gama da kanta, ni bari in shiga ɗakin. Kada ki tambayi ko suna da janareta, kowa yana da shi. Tambayi nawa ne, kuma me da me yake ɗauka. Tun Afrilun 2024 da aka kai wutar rukunin A, wato na masu samun wuta mafi yawa, Naira 225 kowane kilowat a awa, ga tsadar dizal, matsakaitan otal suna da babban inji na dare da ƙarami na rana. Ƙaramin yana ɗaukar fitila da fanka da talabijin, amma an cire masa esi da hita, wani lokacin har da lifta. Shi ya sa mai ciwon gwiwa a sa shi a bene na farko ko ƙasa.

Kafin a sauke kaya, minti biyar sun isa duba ɗaki. Kunna esi, sa hannu. In kamfanin wutar Abuja, AEDC, ya ɗauke aka koma inji, esi yakan yi kamar minti uku yana hura iska kawai kafin kwamfireso ya tashi, wannan ba lalacewa ba ce, kariya ce. In ya wuce minti goma babu sanyi, ko gas ya tsiyaye ko ragar ta toshe da ƙurar hunturu. In yana ɗigar ruwa a bango, bututun fitar da ruwan ne ya toshe, kuma kada a ajiye akwatin lefe ko shadda a ƙarƙashinsa.

Hita mai tanki na lita 30 ko 50 yana ɗaukar lokaci kafin ruwan ya yi zafi, kuma makunninsa yana wajen banɗaki, mai jar fitila. Rabin ƙorafin "babu ruwan zafi" wannan makunnin ne. Mutum ɗaya ya yi dogon wanka ya ƙarar da shi, na biyu sai ya jira. Ranar ɗaurin aure da kowa zai yi wanka lokaci guda, ƙarfin ruwan bene na sama shi ke fara faɗuwa, don tankin yana saman rufi kuma famfon turawa na jiran wuta. A buɗe shawa, a ja ruwan masai, a duba ko akwai buta, don ba kowane otal ke ajiyewa ba.

Na ƙarshe, ɗaga zanin gado ta wajen kai, duba ɗinkin katifa da bayan allon gadon. Ɗigo-ɗigon baƙi kamar na biro alamar kuɗin cizo ce. Shi wannan ƙwaron bai san Maitama da Nyanya ba, a jakar baƙi yake tafiya. In an gani, a nemi ɗakin da ba ya jingine da wancan, ba na kusa ba.

Hajiya Gwarimpa:
Ƴata, tambayarki ta biyu nake so. Yawancinsu ba ƙarya suke yi ba, awon ne suke yi da mudun da ba naki ba. Mutum ba ya auna kansa da ƙasa baki ɗaya, da waɗanda yake zama da su a walima yake aunawa. Na Gwarimpa yana kallon na Maitama, na Maitama yana kallon wanda gidansa na hutu ke Landan ko Dubai, shi kuma yana kallon mai jirgin kansa. Kowa wuyansa a ɗage yake, babu mai duban Mararaba da Nyanya inda direbansa da mai gadinsa ke fitowa tun asuba. Ga shi birnin ma an tsara shi yadda za ka shekara daga gida zuwa ofis zuwa masallaci ba ka ratsa unguwar talaka ba.

Sannan akwai nauyi. Mai samun miliyoyi yana biyan kuɗin makarantar ƴaƴansa da na ƴaƴan ƙannensa, dizal, asibitin tsofaffi, buhunan azumi, ragunan layya na gida uku. Ƙarshen wata asusun ya yi ƙasa, sai ya ce ba shi da kuɗi. Ya manta cewa iya ɗaukar wannan nauyin shi ne arzikin. Tun cire tallafin mai a Mayun 2023 da faɗuwar Naira, da gaske abin da suke iya saya ya ragu, to sai raguwar ta yi musu kama da talauci.

Kuma kalmar tana da amfani. Wanda ya ce "ni mai kuɗi ne" ya buɗe ƙofar masu neman taimako, ya jawo hassada da kambun baka, ga masu garkuwa da mutane. "Muna dai lallaɓawa" katanga ce.

Amma ki lura da su a bakin kanta. Wanda ya ce rufin asiri ne, ɗakinsa ya yi jinkirin awa ɗaya, sai ka ji "kira min manaja, ka san ko ni waye?" A nan ainihin inda ya ajiye kansa ke fitowa. Yaron da yake yi wa faɗan kuwa, mai yiwuwa albashinsa na wata bai kai kuɗin daren ɗakin ba, tunda mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 ne tun Yulin 2024.

Malam Na Zone 4:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, na yarda da ke sai wuri ɗaya. Cewa kowa da mudunsa gaskiya ne a zance, amma mu muna da mudu tsayayye. Nisabin zakka misƙali 20 ne na zinariya, wajen giram 85. Wanda ya mallaki ƙimarsa ta shekara a hannunsa, zai fitar da ɗaya bisa arba'in, wato kashi 2.5, ya kira kansa abin da ya ga dama. Ba a tambayar yadda yake ji ko wa ya fi shi. Tawali'u daban, musun ni'ima daban. "Alhamdu lillahi, Allah ya hore" ba fahariya ba ce. A ƙasar da Hukumar Ƙididdiga ta ce a 2022 mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da yawa, mai zaɓe tsakanin Maitama da Asokoro ya kira kansa talaka, ya ƙwace wa talaka har sunansa.

Wani abu da ba a taɓa ba: mota da gwal. Allon nan mai cewa ajiye mota alhakin mai ita ne ba ado ba ne. A 2002 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kan motar wani baƙo da aka sace a harabar otal a Owerri, ba ta ɗora wa otal ɗin biya ba. Gwal ɗin mata kuma kada a dogara da ƙaramin akwatin ɗaki kaɗai, domin otal na da hanyar buɗe shi in baƙo ya manta lamba. A kai kanta, a ƙirga, a rubuta, a karɓi rasit mai sa hannu.

Ƴar Kubwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To in mun iso aka ce ɗakunan sun cika duk da mun biya fa?

Baban Kanta:
Kada ki karɓi maido da kuɗi nan take, don da kin karɓa sun sauke nauyinki, ke kuma kina titi da tsofaffi ƙarfe 10 na dare. Nemi manajan da ke aiki a lokacin, nuna saƙon kamun, ki ce su nemo ɗaki daidai da wannan a otal na kusa, su ɗauki bambancin kuɗi da na mota, su rubuta cewa gobe za a dawo da ku. Ki rubuta sunansa da lokacin. In suka ƙi, rasit da saƙon su ne hujjarki a hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, kuma hedikwatarta na nan Abuja. Ranar zuwan, ki kira ƙarfe 11 na safe ki sa su faɗa miki lambobin ɗakunan shida, in da hali ki je da rana ki karɓi katunan da kanki kafin baƙin su baro filin jirgi.