Idan ƙarin matsi na ƙara amoniya, me ya hana Kc canzawa?

Ɗaliba daga Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe na sakandare, ga WAEC ta ƙarato. Jiya an yi mana gwaji kan haɗuwar naitirojin da haidirojin su ba da amoniya, N2 + 3H2 ⇌ 2NH3, aka tambaya me zai sami Kc (adadin da lissafin [NH3]²/([N2][H2]³) ke bayarwa idan haɗuwar ta kai daidaito) idan an ƙara matsi. Na rubuta zai ƙaru, tunda amoniya za ta ƙaru, kuma ita ce a saman lissafin. Malam ya soke min da jan biro, ya ce in haddace kawai: zafi ne kaɗai ke canza Kc. Na haddace, amma hankalina bai kwanta ba.

Akwai kuma wata: mol 1 (ma'aunin yawan sinadari) na H2 da mol 1 na I2 (ayodin) cikin tukunya mai lita 1, Kc ɗin 49 ne, aka ce a nemo yawan HI da za su bayar a daidaito. Ni HI ɗina ya fito 0.875, a allo kuwa 1.56. Ina na ɓata?

Ɗalibin kemistiri, Samaru:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ta biyun ba wuya. H2 + I2 ⇌ 2HI, wato in x ya ragu daga H2, HI da za a samu 2x ne. Wannan 2 ɗin kika bari a baya. Saka (2x)² a sama, (1 − x)² a ƙasa, daidai da 49. Cire tushen murabba'i: 2x/(1 − x) = 7, x ya zama 7/9, kusan 0.78. Ninka biyu, ga 1.56.

Ta farkon kuwa ni ma sai a ajin farko a ABU ta zauna min. Saman lissafin kawai kike kallo. Ki ɗauka an matse tukunyar ta koma rabi. Nan take yawan kowane gas a kowace lita ya ninka biyu. A sama amoniya tana da ƙarfi 2, wato 2 sau 2, ta ninka sau 4. A ƙasa naitirojin sau 2, haidirojin mai ƙarfi 3 sau 8, gaba ɗaya sau 16. Kin ga lissafin ya faɗi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu na Kc. Daga nan naitirojin da haidirojin za su yi ta haɗuwa, sama na ƙaruwa ƙasa na raguwa, har adadin ya dawo kan Kc ɗin da aka baro. Ƙaruwar amoniyar da kika gani, ita ce ke maido da shi.

Tsohon malami, Ƙofar Doka:
Madalla da wannan tambaya, 'yata. Shekaruna da yawa ina riƙe da alli, kuma abin da ya fi damuna shi ne yara su rera ƙa'idar Le Chatelier ta 1884, mai cewa in aka takura wa daidaito zai karkata ya rage takurar, kamar karatun allo, ba su taɓa gwada ta da lamba ba.

Zafi daban yake. Haɗuwar da ke ba da amoniya zafi take fitarwa, don haka in kin ƙara wuta kin taimaki wargajewarta, Kc kansa ya ragu. To me ya sa masana'anta ke aiki a wajen digiri 450? Saboda a sanyi abin tafiyar hawainiya yake yi. Sai suka yarda da ƙaramin rabo mai zuwa da wuri, suka ɗora matsi kusan sau 200 na iskar da muke shaƙa, suka sa ƙarfe ya gaggauta haɗuwar. Ƙarfen nan ba ya ƙara amoniya ko ɗigo a daidaito, hanya kawai yake gajartawa. Masu jarrabawa na son wannan tarkon. Ana sanyaya amoniyar ta zama ruwa a janye ta, ragowar gas a mayar ciki.

Fritz Haber ne ya nuna hanyar a 1909, Carl Bosch ya kai ta masana'anta a Jamus a 1913. Takin yuriya da manomanmu na Giwa da Soba ke zuba wa masara, daga amoniyar nan ake yin sa.

Ɗaliba daga Tudun Wada:
Na gode Yaya, na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Na gwada matse tukunyar a kan ta HI: sama sau 4, ƙasa 2 sau 2, shi ma 4. Ke nan matsi ba zai motsa ta ko'ina ba, ko?

Ɗalibin kemistiri, Samaru:
Haka ne, mol biyu nan, mol biyu can. Yanzu gwada ta 2SO2 + O2 ⇌ 2SO3 ki kawo mu gani.