Yini ɗaya a babban birni, kuma da ƙafa: yaya ake tsara shi?

Baƙon_Gari ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Tafiya za ta bi da ni ta wani babban birni da ban taɓa shiga ba. Jirgin ƙasa zai sauke ni wajen ƙarfe 8 na safe, na komawa kuma ƙarfe 8 na dare ne. So nake in zaga garin da ƙafa, don ta tagar mota mutum ba ya ganin komai. Na rubuta wurare 11 da nake son gani, amma da na duba taswira sai na tarar kowanne yana nasa ɓangaren. Kilomita nawa mai lafiya, wanda ba ɗan wasan guje-guje ba, zai iya takawa a yini? Me kuma ya kamata in riƙe? Masana a taimaka.

Mai_Taswira ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wurare 11 sun yi yawa, ka rage su zuwa 3 ko 4. Ga lissafin. Awa 12 ke hannunka. Cire awa 1 ta ƙarshe, wannan ta komawa tasha ce, ba a taɓa ta. Cire wata ta farko, ta ajiye kaya da gane gabas da yamma. Hutu da cin abinci za su ci awa 2. Shiga cikin wuraren kansu, da bin layi, awa 3 zuwa 4. Abin da ya rage na tafiya zalla bai wuce awa 4 zuwa 5 ba.

A hanya mai sarari mutum yana yin kamar kilomita 5 a awa. A tsakiyar birni ba haka abin yake ba: ga danja, ga cunkoso, ga tsayawa ɗaukar hoto, ga kwanar da za ka sha ba daidai ba ka dawo. Ka ɗauka kilomita 3 a awa. Ke nan kilomita 12 zuwa 15 ne rabonka, kuma ga wanda bai saba ba ko 12 ɗin ma aiki ne. Idan manhajar taswira ta ce minti 20, ka rubuta 30, domin ita ba ta lissafa tsaye-tsaye.

Abin da ya fi komai a tsarin shi ne layi ɗaya. Ka sa alama a duk wuraren 11 a taswira, sannan ka duba waɗanda suka jeru a kan hanya guda, ko bakin kogi, ko babban titi, ko tsohon gari. Su za ka bi, sauran a bar su sai wani zuwan. Manyan birane da yawa suna da irin wannan layin. A Faris, daga gidan tarihin Louvre ka ratsa lambun Tuileries, ka fito dandalin Concorde, ka miƙe titin Champs-Élysées har babbar ƙofar tarihi ta Arc de Triomphe, duka kamar kilomita 3 da rabi ne. A Landan kana iya bin gaɓar kogin Thames ta kudu daga gadar Westminster har Tower Bridge ba tare da ka nemi hanya ba, kogin ne jagoranka.

Kada ka fara tafiyar daga tasha. Da safe ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ko bas zuwa wuri mafi nisa a layinka, sai ka riƙa takowa kana kusantar tasha. Dalili kuwa, gajiya da ƙurewar lokaci duk da yamma suke zuwa, kuma gara su same ka kusa da jirginka. Idan garin mai tudu ne kamar Lisbon ko Istanbul, mota ta kai ka sama, kai ka gangaro. Masu hawan dutse suna da tsohon ma'auni na Naismith tun 1892: awa 1 ga kowane kilomita 5, da ƙarin awa 1 ga kowane hawan mita 600. Taswirar waya a shimfiɗe take nuna gari, ba za ka ga hawan ba sai gwiwa ta gaya maka.

Ka kuma duba ranar da za ka je. Gidajen tarihi da yawa ba sa buɗewa ran Litinin. Louvre ran Talata yake rufe, haka fadar Topkapi da ke Istanbul, babbar rufaffiyar kasuwar Istanbul kuma ran Lahadi. Inda ake sayar da tikiti mai ƙayyadadden lokaci ta intanet, ka sayi na safe tun kafin ka taso. Babban gidan tarihi ɗaya ya isa, domin tafiyar sannu-sannu da tsayuwa gaban kayan kallo sun fi tafiya miƙaƙƙiya gajiyar da baya.

Anti_Bilki ta amsa:

Malam Mai_Taswira ya gama da lissafi, ni ta ƙafa zan yi magana, don ita ce ke ɓata yinin tun kafin azahar. Ƙanena, kada ka kuskura ka sa sabon takalmi. Kambas ɗin da ƙafarka ta riga ta saba da shi za ka sa, mai ɗan sarari a gaba kamar faɗin babban yatsa, saboda ƙafa tana ɗan kumbura idan an daɗe ana tafiya. Bororo daga gugar fata yake fitowa, gumi kuma yana ƙara gugar. Safar auduga tana riƙe gumi, shi ya sa ta ulu ko ta 'yan wasa ta fi. Ka riƙe wata a jaka ka canja da tsakar rana. Da ka ji wani wuri ya fara zafi, a dunduniya ko gefen ƙaramin yatsa, ka zauna nan take ka cire takalmin, ka goge wurin ya bushe, ka manna filasta. Idan ka ce bari in ƙarasa can tukuna, kafin ka ƙarasa ya riga ya ɗuri ruwa.

Duk bayan awa 1 ka zauna minti 10 ko ba ka gaji ba. Gorar ruwa ta rabin lita ta isa idan kana sake cikawa, a lokacin zafi kuma kusan gora guda a awa. Duk inda ka ga banɗaki mai tsabta, a gidan tarihi ko babban kanti ko ɗakin karatu, ka shiga, kada ka jira sai ta matse ka. Jaka ƙarama, kada ta wuce kilo 3.

Injiniya_Sule ya amsa:

Maganar waya. Ka sauke taswirar garin tun kana da intanet. Amma ka sani, Google Maps idan babu data hanyar mota kawai yake zanawa, ba ya ba da ta masu ƙafa. Manhajojin taswira na Organic Maps da OsmAnd suna bayarwa. Ɗigon da ke nuna inda kake yana aiki ko babu data, tunda daga tauraron ɗan'adam yake karɓa, sai dai tsakanin dogayen benaye yakan yi tsalle ya ajiye ka a wani titin, don haka ka riƙa haɗawa da sunan titi a allo. Taswira da kyamara suna shan caji sosai, fawa-banki mai 10,000 mAh da igiyarsa dole ne. Sunan tasharka da lokacin jirgi kuma ka rubuta a takarda.

Na ɗan saba da Malam a wuri ɗaya. Kada ka cike kowace awa. Ka bar awa 1 babu tsari, ka kauce daga babban titi lungu ɗaya ko biyu, nan ne za ka ga yadda mutanen garin suke zaune. Ka dai koma layinka kafin duhu, kuma ka duba lokacin faɗuwar rana: a Landan a watan Disamba kafin ƙarfe 4 ta faɗi.

Wajen tsallaka titi ka lura da hannun da ake tuƙi. A Ingila da Japan hannun hagu ne, dama za ka fara dubawa. A Amsterdam hanyar keke daban take, kada ka tsaya a kanta. 'Yan sane kuma a cunkoso suke aiki, ƙofar jirgi da wurin kallon masu wasa a titi. Waya da kuɗi a aljihun gaba, jaka a ƙirji, in za ka duba taswira ka jingina da bango. Lambar gaggawa a ƙasashen Tarayyar Turai 112 ce, a Amurka 911.

Baƙon_Gari ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na rage su zuwa 4. Saura akwatina, yaya zan yi da shi?

Mai_Taswira ya amsa:

Yawancin manyan tashoshi suna da lokar ajiya ko ofishin ajiye kaya, ka duba shafin tashar ka tabbatar. Abu biyu za ka tambaya: girman akwatin da suke karɓa, da ƙarfe nawa suke rufewa, don wasu ofisoshin suna tashi kafin jirgin dare. Fasfo da magani da caja su zauna a jikinka. Ka ɗauki hoton rasit da lambar lokar, ka kuma lura da ƙofar da ka fita, domin babbar tasha takan yi ƙofofi da yawa, neman lokar kaɗai yana iya cin minti 15.